Minti Uku da Daƙiƙa Ashirin

A birnin Pune na ƙasar Indiya, idan mutum ya ce maka ya san waƙa, kada ka ce ya rera maka. Ba abin da yake nufi ke nan ba. Yana nufin ya san wanda ya ɓata ta, da shekarar da ya ɓata ta, da daidai gaɓar da ya ɓata ta. Haka muke, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar hakan a cikinmu ba.

A hannun irin waɗannan mutane Sadanand Palnitkar ya tsufa. Shekarunsa hamsin da takwas, mawaƙi ne ɗan mawaƙi, kuma a nan matsalarsa take. Mahaifinsa, Digambar-buwa, wanda ake kira Buwa, ya yi shekara arba'in yana waƙa a dandalin wasan kwaikwayo, amma abu ɗaya tak garin ya riƙe masa: wani faifan garmaho da ya yi a Bambai a 1936, waƙar wata mata da ke tsaye bakin kogi tana jiran mai kwale-kwale ya dawo mata da mijinta. Tsawonsa minti uku da daƙiƙa ashirin. Waƙar tana tafiya a hankali, baiti na biyu bai gama sauka ba, sai muryar Buwa ta zabura, ta haura sama da gudu kamar an biyo ta, ta yanke a kan numfashi guda. Wannan wurin shi ake kira tsallen Buwa. An rubuta shi a jarida, ana koyar da shi a makarantun waƙa. Wai matar ce ta hango kwale-kwalen, zuciyarta ta riga ƙafarta gudu.

Sadanand ya gaji muryar uban, ba ragi ba ƙari. Tun ranar da Buwa ya rasu, shekara ashirin da biyar ke nan, bai taɓa hawa dandali ya sauko ba tare da an sa shi yin tsallen nan ba. Waƙoƙin da ke kansa sun haura ɗari uku. Amma ko wacce ya ɗauko, kafin ya kai rabi sai ka ga 'yar takarda tana tafiya hannu zuwa hannu daga bayan zaure har ta iso gabansa. Ya daina buɗewa ma, don ya san abin da ke ciki: kwale-kwale. Kuma ba kwale-kwalensa ake so ba, na faifai ake so, da numfashin da aka ja a faifai, a wurin da aka ja shi. Da ya kusa wurin tsallen sai ya ga hannuwa sun fara tashi a zauren, kowa yana shirin cafewa. In ya yi, a yi tafi, a yi ta kiran a sake. Sai ya sake. Ya tsani waƙar, kuma yana jin kunyar tsanar, don ita ta aurar masa da 'ya'ya biyu.

Gaskiyar maganar kuwa ya san ta, daga bakin mai ita ya ji. A shekararsa ta ƙarshe Buwa ya ce masa, “Wane kwale-kwale aka hango, Sada? Jar fitila ce. Kakin da ake yanka faifan a kai ya kusa ƙarewa, Baturen da ke bayan gilashi ya kunna jar fitila, muka ruga a guje. Baiti na uku ko taɓa shi ban yi ba.” A baiti na uku kwale-kwalen ba ya zuwa. Matar takan zauna, ta cire furen da ke gashinta, ta ajiye a kan ruwa, ta tashi ta koma gida ta hura wuta. Wasan da waƙar ta fito a ciki ya mutu tun zuwan silima, waɗanda suka kalle shi sun bi shi, sai faifan ya rage. Shi ma Buwa tsallen nan ya yi ta yi wa mutane har ƙarfinsa ya ƙare.

A wannan shekarar ta ƙarshe ne wani maƙwabci ya ara musu na'urar ɗaukar murya mai zare. Buwa ya sa aka rufe ƙofa, Sadanand ya riƙe masa tanpura, wato molon Indiya mai dogon wuya, ya rera waƙar duka yadda aka yi ta tun farko, minti goma sha ɗaya. Da ya gama ya ce, “Ka ajiye. Ba na kowa ba ne.” Sadanand ya ajiye. Daga baya ya juye a kaset, ya sake ajiyewa.

Bana abubuwa biyu suka haɗu. Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce ya gaji, waƙar dandali ba za ta wuce masa bana ko baɗi ba. Sannan ga taron cika shekara ashirin da biyar da rasuwar Buwa, saura mako biyu. Abin da Sadanand yake so bai wuce ɗaya ba: ya tsaya gaban mutanen garin nan sau ɗaya, kafin muryar ta tafi, ya kai waƙar har baiti na uku.

Ranar Lahadi bayan cin abincin rana, matarsa Sulaba tana kwashe kwanuka tana kallonsa ta gefen ido.

“Maigida,” in ji ta, “kaset ɗin nan ka sa a aljihu, ka fitar, ka mayar, sau nawa ke nan? Aljihun ya kusa yagewa, kuma ni zan ɗinke.”

“Yau zan kai musu.”

“Su Appa masu tara faifai? Mutanen da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda wata ta yi tari a faifai, wannan ya ce tari ne, wancan ya ce salo ne?”

“Su ke tsara taron. In suka ji da kunnensu, suka ce ya yi, shi ke nan na huta. Ba zan faɗa musu ko wane ne ba. Suna da kwalin da suke rufe sunan mawaƙi da shi.”

“Baba ya ce ka ajiye.”

“Na ajiye shekara ashirin da biyar, Sulaba. Ni ma a ajiye nake.”

Ta miƙo masa lema. “Ka tafi da wannan, hadari ya haɗo. Kuma kada ka sha musu shayin nan da sanyi.”

Gidan Appa Ghatpande tsohon gida ne a unguwar Sadashiv Peth, mai matakalar katako da ke kuka a ƙarƙashin kowa. A ɗakin sama ake zama duk Lahadi da ƙarfe huɗu, shekara talatin ba fashi. Kabad-kabad na faifai sun cinye bango uku, taga ɗaya ce, ita ma da sandunan ƙarfe. Appa ya haura shekara saba'in da biyar, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi Buwa, don shi ne ya buga hamoniya, akwatin kiɗa mai madannai irin na piyano, a faifan nan na 1936. Yana wurin. Sau biyu Sadanand ya taɓa tambayarsa maganar jar fitila, sau biyun ya ce shi yatsunsa yake kallo, bai ga wata fitila ba.

Dokar ɗakin guda ce. Appa yana da wani zagayayyen kwali da ya yanko daga akwatin alewa, ya huda tsakiyarsa. Kafin a ɗora faifai sai ya rufe sunan da shi, in kaset ne ya jingina shi a kan gilashin rikoda. Ba mai magana sai waƙa ta ƙare. Daga nan kowa ya faɗi wanda ya rera, da dalilinsa. Wanda ya kuskure shi zai kawo ƙosan albasa mako mai zuwa.

Ranar su huɗu ne: Appa, da Sadanand, da Dakta Fadnis mai cire haƙori da ya yi ritaya, da Indu-tai Ranade, wadda ta yi shekara talatin tana shugabar makarantar 'yan mata kuma har yanzu kowa ɗalibinta ne. Saboda taron da ke tafe, Appa ya ce yau kwale-kwale za a ji, daga bakuna daban-daban. Ya murza garmaho, ya ɗora na farko.

Muryar mace ce, mai laushi, ta lallaɓa har wurin tsallen, ta hau shi da taka-tsantsan. Allura na ɗagawa Dakta ya yi ajiyar zuciya.

“Manorama ta Goa. Ko a barci na ji ta zan shaida ta.”

“Mun sani, Dakta,” in ji Indu-tai. “Matarka ma ta sani. Amma ka faɗi gaskiya, wannan jiran miji ne? Kamar mai jiran bas take, in bai zo ba ta hau na baya.”

“Tai, ke ba ki ji yadda ta riƙe kalmar kogi ba? Kamar ba ta son ta sake ta.”

“Na ji. Ta riƙe ta ne don ta san tsallen ya fi ƙarfinta, tana jan lokaci.”

Na biyu namiji ne mai murya kamar ana sauke buhu. Duk suka ce Raghunat na Miraj ne, babu gardama. Dakta ya ce shi wannan ba jira yake ba, zagin mai kwale-kwalen yake, kuma in shi ne mai kwale-kwalen ba zai dawo ba. Indu-tai ta ce aƙalla shi ya yi tsallen da ƙafa biyu. Appa ya ce ya yi shi da wuri da rabin bugu, ya ɗaga yatsa ya nuna musu a iska daidai inda ya kamata. Suka gyaɗa kai. Ruwa ya sauko a waje, aka tura tagar, ɗakin ya ƙara matsewa.

Sadanand yana zaune a kusurwarsa ta kullum, ƙarƙashin hoton uban, kofin shayi ya huce a hannunsa. A ɗakin nan ba a tambayar ra'ayinsa. A wurinsu shi ba mai saurare ba ne, faifai ne da ke zuwa da ƙafarsa.

“Appa,” ya ce, “na zo da wani. Kaset ne.”

Appa ya dube shi ta saman tabarau. “Na wa?”

“Ai doka ta hana.”

Dakta ya yi dariya. “Ya kama ka, Appa. Sa kwali.”

Appa ya jingina kwalin, ya danna. Tanpura ta fara, sai muryar ta shigo, a ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawar komai. Sadanand bai iya kallon rikodar ba, fuskokinsu ya riƙa kallo. Dakta ya lumshe ido. Indu-tai tana buga lokaci a gwiwa da yatsa biyu. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya zo, ya kusa sauka. Hannun Dakta ya tashi, na Indu-tai ya tashi. Wurin tsallen ya zo, muryar ta ja numfashi, ta zauna. Hannuwan suka tsaya a sama, ba abin cafewa, sannan suka sauko a hankali, masu su suna kallon juna. Baiti na uku ya shigo. Matar ta cire furen, ta ajiye a kan ruwa. Sadanand ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don ya tuna ranar da Baba ya rera ta. Appa kuwa bai motsa ba tun numfashin farko, idonsa a kan tabarma.

Kaset ya ƙare. Sadanand har ya fara sa rai.

“Sada,” in ji Dakta, yana murmushi, “kai ne.”

“Shi ne mana,” in ji Indu-tai. “Muryar gidan ce, amma wutar babu. Sadanand, kada ka ji haushi, ka san ni ba na ɓoye-ɓoye. Buwa ba zai taɓa barin mace ta zauna bakin kogi tana cire fure kamar mai tsince shinkafa ba. Wannan baitin kai ka ƙara?”

“Baba ne, Tai.”

“Wa?”

“Baba ne ya rera. A gida, shekarar da ya rasu. Ni na riƙe masa tanpura.”

Dakta ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa ƙirji. “Haba Sada. Shekara arba'in ina jin Buwa. Ka ji inda mutumin nan ya ja numfashi a tsakiyar layi na huɗu? Buwa bai taɓa numfashi a nan ba. In kana son ka gwada sabon abu, ka ce mana kawai, ba sai ka jingina wa mamaci ba.”

Wannan ta yi wa Sadanand zafi fiye da duk abin da aka taɓa faɗa masa. Sun ji ubansa da kunnensu, sun ce bai kai ubansa ba. Ya juya wurin mutum ɗaya da ya rage.

“Appa, kai ka san muryarsa fiye da kowa. Ka faɗa musu.”

Appa ya zare kaset ɗin, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. “Ranar taro yadda yake a faifai za a yi. Mutane daga Bambai za su zo, daga Kolhapur za su zo, kuma sun san abin da ya kawo su.”

“To ƙosai fa?” in ji Dakta. “Wa ya faɗi?”

Da ruwa ya tsagaita su biyun suka sauka, matakala tana kuka a bayansu. Sadanand bai tashi ba. Appa yana goge faifai da ƙyalle, ya goge fuska ɗaya, ya juya, ya sake komawa wadda ya riga ya goge.

“Ka gane shi,” in ji Sadanand. “Tun daga numfashin farko na ga ka gane shi.”

“Na gane shi.”

“To me ya sa?”

Appa ya ajiye faifan. “Me Buwa ya ce maka game da ranar nan?”

“Ya ce an kunna jar fitila, kuka ruga.”

“Muka ruga.” Appa ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Mutumin kirki. Sada, ka taɓa ganin ubanka yana waƙa ido a buɗe?”

Sadanand ya tuna baya. Bai taɓa gani ba. Baba da ya ɗauki layin farko yake rufe ido, sai an gama.

“Ni na ga fitilar,” in ji Appa. “Ranar na fara shiga ɗakin ɗaukar faifai. An ce mana in kaki ya ƙare ba mu gama ba, an yi asarar faifai, kuma ba lallai a sake ba mu wata rana ba. Ina ganin ja, hannuna ya gudu. Ban yi shawara da shi ba, gudu kawai ya yi. Buwa ya ji hamoniya ta tsere masa, ya bi ta a guje don kada a ji mun rabu. Shi ke nan tsallen. Tsoro ne, kuma nawa ne.”

“Maganar hango kwale-kwale fa?”

“Wani ɗan jarida ya tare ni bayan faifan ya fito, ya ce me Buwa yake nufi da wurin nan. Me zan ce masa? In ce na tsorata? Na faɗi abin da ya zo bakina. Washegari na gan shi a jarida, bayan shekara ɗaya na ji ana koya wa yara.” Ya shafa gwiwa. “Ubanka bai taɓa yi mini maganar ba. Ko sau ɗaya. Shekara ashirin da biyar ina zaune a gefensa ina buga masa tsallen nan, yana yi, yana rufa mini asiri.”

Yanzu Sadanand ya gane wanda aka ce a ajiye kaset ɗin dominsa. Ya so ya ji haushin tsohon, ya nema ya rasa. Tausayi ya samu, shi kuwa tausayi bai buɗe masa wata ƙofa ba.

“Duk wanda ya hawo matakalar nan,” in ji Appa, “saboda ina wurin ranar ne. Ba ni da wani abu bayan wannan. Ka bari in mutu tukuna, Sada. Ba zan daɗe ba.”

“Maƙogwarona zai riga ka, Appa. Likita ya faɗa.”

Tsohon ya ɗago ya dube shi, karo na farko tun da aka kunna kaset ɗin. Sadanand ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa don girmamawa kamar kullum, ya ɗauki lemarsa ya sauka.

Mako biyun nan bai yi barcin kirki ba. In ya faɗa wa jama'a gaskiya ya tsiraita tsohon da ubansa ya rufa wa asiri. In ya yi shiru ya yi tsallen, ya rufe bakinsa da hannunsa har abada. A ƙarshe ya tsaya a tsakiya: ba zai yi wa kowa bayani ba, zai rera kawai, ya wuce zuwa baiti na uku, duk abin da za a ce a ce. Ya je ya sami Gafur Miya, mai buga masa gangunan tabla shekara ashirin.

“In mun zo wurin nan, kada ka ƙara gudu. Ka riƙe yadda muka faro.”

Gafur Miya ya cire hula ya sosa kai. “Wallahi Sadanand-rao, ni zan riƙe. Amma hannun nan shekara ashirin yana gudu a wurin, sai na zauna a kansa.”

“Ka zauna a kansa. Ka gaya wa mai hamoniya ma.”

Ranar taron Lahadi ce, ƙarfe goma na safe. Zauren ya cika har ana tsaye a jikin bango. An kafa hoton Buwa a gefen dandali, an rataya masa furanni, turare yana tashi. Aka yi jawabai uku, duka ukun sai da suka ambaci tsallen. Su Appa suna layin gaba, Dakta a dama, Indu-tai a hagu, Appa a tsakiya da rikodarsa a kan cinya. Sulaba tana tsaye bayan labule da butar ruwan ɗumi.

Ya yi waƙoƙi huɗu, muryar ta ba shi haɗin kai. Ba a ma aiko takarda ba, kowa ya san abin da zai rufe taro. Ya kurɓi ruwa, ya dubi Gafur Miya, ya ɗauki layin farko.

Ya tafi da ita a hankali, yadda ya ji a ɗakin nan mai rufaffiyar ƙofa. Baiti na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya zo. Hannuwa suka fara tashi a zauren, layi bayan layi, bai kula su ba, ya riga ya shirya musu. Tabla tana riƙe, hamoniya tana riƙe, babu wanda ya ja shi. Saura layi ɗaya ya wuce wurin, sai idonsa ya sauka a layin gaba, a kan cinyar Appa, inda 'yar fitilar rikoda take ci, ja, ba ta fi ƙwayar wake ba.

Maƙogwaronsa ya yi tsallen. Bai yi shawara da shi ba. Muryar ta zabura ta haura sama da gudu, Gafur Miya ya biyo shi a rikice, ta yanke a kan numfashi guda, daidai inda take yankewa a faifai. Bai taɓa yin sa da kyau kamar na ranar ba.

Zauren ya ɗauki tafi. Dakta ya miƙe tsaye yana share ido. Indu-tai da kanta tana cewa, “Buwa ne, Buwa ne ya dawo.” Sadanand yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Duk shekarun nan yana zaton mutanen garin ne suka kulle shi. Yau sun tsaya a gefe, ba wanda ya taɓa shi, shi ya kai kansa. Ya juya ya dubi Sulaba a bayan labule, ita ma shi take kallo, butar a rungume a ƙirjinta.

“A sake!” wani ya kira daga baya. Sauran suka ɗauka. “A sake! A sake!”

Appa ne kaɗai bai tafa ba. Ya ga inda idon Sadanand ya sauka, ya kuma san abin da ya gani, don duk zauren nan babu wanda ya san aikin jar fitila kamarsa. Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da kwalin nan na akwatin alewa. Ya ɗora shi a kan fitilar, ya danne da babban yatsa. Sannan ya ɗago ya gyaɗa wa Sadanand kai sau ɗaya.

Sadanand ya sake kurɓar ruwa. “Miya,” ya ce a hankali, “daga farko.”

Ya rufe ido, ya ɗauki layin. Bai ga hannuwan da suka tashi ba, bai ga saukarsu ba. Da wurin ya zo ya ji maƙogwaron ya yunƙura, ya ja numfashi ya bar shi ya wuce. Wani ya fara tafi shi kaɗai, ya ji ba a taya shi ba, ya daina. Kujera ta yi ƙara a baya, wata ta sake yi, ƙofa ta buɗe ta rufe. Ya ci gaba. Matar ta zauna a bakin kogi, ta cire furen daga gashinta, ta ajiye a kan ruwa. Muryarsa ta ɗan tsage a nan, bai gyara ba. Ta tashi ta koma gida ta hura wuta.

Da ya buɗe ido, Dakta yana kallon takalminsa, Indu-tai ta haɗe fuska. Appa yana nan yadda yake, yatsa a kan kwali, hawaye yana bin kumatunsa bai share ba.

Wannan karon babu wanda ya ce a sake.